Auta Ya Ajiye Sufana

Maman Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan ƙalau, sai kewarki.

Gara ki ji daga gare ni. Auta ya bar aiki a wurina.

Kin san hannun yaron nan. Injin wankin ƙoda, kunne kawai zai kasa ya gane matsalarsa kafin a kwance shi. Ni na koya masa, yadda na koya wa kaina ba da wata babbar takarda ba, kuma shi nake sa rai zai gaje ni.

Ranar Laraba ƙanenki Likita ya sauko ɗakin gyaranmu na asibiti, wasan da muka saba ya tashi. Na ce masa ba don mu ba, da shi da digirorinsa sai dai su zuba wa majinyaci ido. Ya kwashe da dariya, wai to me ya sa albashina na shekara bai kai nasa na wata biyu ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, har ni na dara. Auta yana durƙushe yana ɗaura tiyo, bai ɗago ba.

Jiya bayan an tashi ya same ni, ya ce kawunsa Likita ya yarda zai ɗauki nauyinsa ya karanta likitanci. Ya ce, "Baba, ba raina aikinka na yi ba, so nake in hutar da kai." Na tambaye shi wa ya ce masa na gaji. Gidan da ya tashi a ciki da albashin nan na gina shi, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ya sunkuyar da kai. Na sa masa albarka, to me zan ce?

Kada ki yi wa ƙanenki faɗa. Ki gode masa a madadina, ni bakina ya yi nauyi. Amma ki gaya masa kuɗin rajista ni zan biya, ko da babur ɗina zan sayar.

Yau shugaban sashe ya tambaye ni wa zan bar wa injunan idan na yi ritaya. Na ce ya ba ni lokaci.

Ki gaida Inna da kyau.

Mijinki,
Baban Auta