Tukunyar Surukata Tana Busa a Cikin Injina

Doña Migdalia, don girman Allah ki cece ni. Saura kwana tara asirina ya tonu a gaban mai ɗaukar hoto.

Shekara shida ke nan ina haɗa wata tsohuwar Ford ƙirar 1951 a rumfar bayan gidanmu, nan Camagüey ta ƙasar Kuba. Da na samo ta, kaji ne ke ƙwai a kujerar baya. Na rage mata tsayin rufi, na sauke ta har cikinta na neman shafar ƙasa, na ɗora mata injin babbar mota mai silinda takwas da lagireton tarakta, na zana mata harshen wuta a gefe. Matata Yamilé ta ce da ina shafa ta rabin yadda nake shafa ƙarfen nan, da yanzu 'ya'yanmu biyar. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Abu ɗaya ya rage min, murfin matatar iska da ke zama bisa kafireta, wanda ido ke fara sauka a kansa in an ɗaga bonet. Na karaɗe garin nan kaf, babu. Ran wata Lahadi surukata Eulalia, wadda duk muke kira Mima, ta tafi coci. Na shiga kicin shan ruwa, sai na yi ido huɗu da tukunyarta ta dafa baƙin wake, irin mai kulle murfi da ke busa in tururi ya cika. Gadon uwarta ce, kullum da toka take goge ta har kana ganin fuskarka. Na auna ta da tafin hannu, don in gani kawai. Doña, kamar don kafiretata aka ƙera ta. Kafin a tashi daga coci na fafe gindinta, na huhhuda gefenta, na ɗaure ta da noti.

Mima ta dawo ta birkice gidan. Da ta gaji, ta ƙulla tsumma a ƙafar tebur, wai ta ɗaure San Dimas ke nan, waliyyin da ake roƙo in abu ya ɓace, ta ce masa, "Ba zan kwance maka kayan maza ba sai ka fito min da tukunyata." Wata biyar ke nan waliyyin Allah yana ɗaure.

Ga inda na kwafsa. Na manta da ɗan bututun da ke kan murfin. Da na taka totur injin ya zuƙi iska, sai tukunya ta busa da muryarta sak. Rumfata kuwa a jikin katangar maƙwabciyarmu Hortensia take, ƙawar Mima tun suna 'yan mata, wadda ta fi kowa aron tukunyar. Sai Mima ta fito tsakar gida ta ɗaga yatsa, ta ce, "Kin ji ko, Yamilé? Ɓarauniyar ta ɗora wake. Sau shida yau! Ko gidan abinci ta buɗe da kayana?" Ta ɗaga murya ta kan katanga, "Ci ki ƙoshi, Hortensia, Allah ya sa ya kumbura miki ciki!" Na toshe bututun kwana biyu, Mima ta zauna tana kuka wai an sayar da tukunyar, dole na buɗe. Kuma in faɗa miki gaskiya, busar tana min daɗi.

Hortensia ba ta taɓa ramawa ba. Mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a gida, kuma ɗan kofin gahawar da ita da Mima suke miƙa wa juna ta kan katanga kowace safiya ya tsaya. Ta rame. Har yanzu takan leƙo ta ga ina aiki. Rannan ma cewa ta yi, "Ɗan nan, hular motarka ta yi kyau. Ka riƙa goge ta da toka, ba ta son sabulu." Tsohuwa dai, me ta sani a mota. Amma na kasa haɗa ido da ita, kunya kamar in nutse.

Asabar ta sama 'yarmu Lisandra ke cika shekara sha biyar, shekarar da ake yi wa yarinya babban biki a nan. A motar za a zaga da ita gari, kuma mai hoto ya ce sai an ɗaga bonet ta tsaya kusa da injin. Mima kuwa ta taɓa karce nata sunan da ƙusa a kan murfin tukunyar. Ta kuma soke Hortensia daga cikin baƙi, alhali Hortensiar ce ta ɗinka rigar bikin. In shafe tukunyar da baƙin fenti in ja bakina? Ko in ce a bola na tsince ta?

Mai baƙin mai a farce, Camagüey

*

Ɗana mai baƙin mai,

Na yi dariya har na ƙware da gahawa, sannan na ji haushinka. Bari in ba ka haƙƙinka tukuna. A ƙasar nan wanda bai taɓa mai da cokali sukuddireba ba, shi ya fara jifanka. Mutumin da ya kalli tukunya ya ga kayan mota yana da kai, kuma shekara shida a kan abin da 'yarka za ta hau ba wasa ba ne. Mima ma tana da nata laifin, don ba a yanke wa ƙawar shekara hamsin hukunci da busa kawai.

Amma tukunyar ba ita ce babbar satarka ba. Ka sace wa tsofaffi biyu gahawarsu ta safe, kuma ka zauna wata biyar kana taka totur ana zagin wata a madadinka.

Koma ka karanta wasiƙarka. Wa yake goge kayan mota da toka? Hortensia ta ari tukunyar nan sau ɗari, ta san ta kamar tafin hannunta. Tun ranar da ta leƙo ta gane ta. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, ta zaɓi ta sha zagi don kada gidanku ya kama da wuta kafin bikin yarinyar. Ita ka kira wadda ba ta san komai ba.

Ajiye fentin nan. Gobe da safe ka fara shiga gidan Hortensia, ka cire hula ka roƙe ta gafara. Daga nan ka gaya wa Yamilé, don kada ta ji a bakin uwarta. Sannan ka kamo hannun Mima ka kai ta rumfa, ka ɗaga bonet da kanka, ka tsaya inda silifas zai same ka. Kada ka yi mata bayanin kafireta. Ka nemo mata wata tukunyar ko da tayoyinka za ka sayar, amma kada ka ce ta maye gurbin ta uwarta, don ba za ta maye ba. Wankin kwanonin gidan kuma ya zama naka har ta huce. Ka tuna mata ta kwance San Dimas, shi ma ya sha wuya a kan laifinka.

Ranar Asabar Lisandra a gaba, tsofaffin biyu a kujerar baya. Ko ba su yi wa juna magana ba, ka tuƙa a hankali ka bi doguwar hanya. Kuma kada ka toshe bututun. Duk unguwa ta ji ana kiran Hortensia ɓarauniya, to duk unguwa ta ji inda busar take fitowa.

Allah ya raya Lisandra, ya sa birkinka ya fi hankalinka kamawa.

Doña Migdalia