Karan Awon Harsashi

Baffa Barmo,

Ina gaisuwa. Ya hannun? Ya su Inna Madina? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Ƙanwata Radiyya ta ce bindigarka ta fashe wajen farauta, ka rasa yatsu biyu, kana ta zagin maƙerin. Baffa, ka ƙyale shi. Guntun karan da ka yanko daidai bakin bindigar don in auna maka 'ya'yan boris na harsashi, a masauki na manta shi. Da ido na zaɓa a kasuwar Liwan. Mai shagon ya miƙo ma'auni, na ce sauri nake.

Jiya na ɗauko karan na gwada ragowar waɗanda na aiko maka. Sun fi shi kauri.

Ka yafe min.

Ɗanka, Hadi