Babbar Ɗiyar Baba

Tamaske, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Munira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Madawa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai kewa. Na zaɓi takarda ne don rezon waya a nan sai an hau tudu, kuma ko na same ki a waya, gaisuwa kawai muke yi.

Ɗakin da aka ba ni yana bayan kolej. Da an tashi yara, babu mai motsi sai awakin maigadi. Sauran malamai kowa da iyalinsa. Ni in na dafa shayi kofi ɗaya nake zubawa, sauran ya huce a buta. Tun rasuwar Baba shiru ya fi yi mini nauyi.

Makon nan na karanta wa 'yan aji ɗaya labaran Girkawan dā, na zana musu zuriyar allolinsu a tablo, babban allon aji. A sama akwai Kronos, wanda ya riƙa haɗiye ɗiyansa don tsoron kada su ƙwace masa sarauta. Ƙarƙashinsa Zeus, wanda uwarsa ta ɓoye a kogo ya tsira. Da na zo kan ɗiyan Zeus sai tablo ya cika ban gama ba. Na matarsa Hera daban, Apollon da Artemis uwarsu daban, Herakles da Perse kuma can cikin mutane aka haife su, ba su tashi a gabansa ba. Yara suka yi ta dariya. Wani uba har ya zo ya tambaye ni ko wani addini nake koya musu, na ce masa tatsuniya ce irin wadda kakarsa ta yi masa. Amma wata yarinya, Mardiya, ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko Zeus ɗin ya san adadin ɗiyansa, kuma wa ke ci da su. 

Na sa kowa ya zano danginsa. Da na zauna in yi namu don misali, ban wuce Kaka Ɗanasabe ba. Don Allah ki zauna da Inna, ki rubuto mini duk sunayen da ta sani ta wajen Baba.

Ki gaida Inna da kyau.

Yayanki,
Hafizu


Tamaske, 1 ga Disamba

Munira,

Ina gaishe ki, ina fata kun wuni lafiya, Inna kuma da sauƙi. Takardarki ta iso hannun direban motar Keita.

Na karanta sunayen har ƙasa, har wanda kika ja wa layi: Jaratu. Kin ce Inna ta faɗe shi, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Na hau tudu na kira Baffa Sabi'u, tunda shi kaɗai ya rage cikin 'yan'uwan Baba. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya gaya mini.

Kafin Inna, Baba ya auri wata ɗiyar makiyaya daga wajen Buza. Sun haifi mace, ita ce Jaratu, suka rabu yarinyar tana da shekara biyu. Uwar ta goya ta, ta koma wurin danginta. Baba ya bi su sau ɗaya, 'yan'uwan matar suka hana shi ganin yarinyar, suka gaya masa maganganu. Bai sake komawa ba. Shekara arba'in da wani abu ke nan.

Munira, shekarata talatin da ɗaya ina zaton ni ne ɗan fari. Na tsaya gaban yara ina taya su dariyar uban da ya watsa ɗiyansa a duniya, ashe a gidanmu akwai wadda ba a ƙirga ba. Ba na zargin Baba, Allah ya jiƙansa. Amma kwana uku ke nan ba na jin daɗin abinci.

Baffa ya ba ni sunan ƙauyen. Asabar zan ari moto mai ƙafa biyu in tafi. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Naki,
Hafizu


Tamaske, 9 ga Disamba

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna. Na je, na dawo lafiya.

Hanyar duk duwatsu ce, sau biyu ina ɓata. Wajen azahar na isa, na tambayi wasu mata a bakin rijiya, ɗaya ta nuna mini wata da ke shayar da maruƙa. Kafin ta juyo na gane ta. Tsayuwar Baba ce, hannu ɗaya a ƙugu, kafaɗa a karkace.

Ta kai ni gida, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Na faɗi sunan Baba, na ce ni ɗansa ne. Ba ta ma san ya rasu ba, ni na kai mata labarin bayan wata goma sha ɗaya. Ta yi masa addu'a da murya ƙasa-ƙasa, ba ta yi kuka ba. Uwarta ta rasu tuntuni, mijinta yana Libiya shekara huɗu, ɗiyanta biyar. Ta ce tana yarinya, duk ranar kasuwar Buza takan bi fuskokin maza da kallo, ko za ta ga mai kama da ita.

Sai ta tambaye ni ko Baba ya taɓa ambaton sunanta. Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce ban taɓa ji ba. Ta gyaɗa kai, sannan ta tambayi yadda yake kirana ni. Na ce Hafizu yake cewa, kai tsaye, tun ina yaro. Nan ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka riƙa rawa.

Sai a lokacin na fahimta. Kin san a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Ni Baba bai taɓa jin kunyar nawa ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ko don kunya ya yi shiru da nata, ko don ciwon abin, Allah kaɗai ya sani. Ita dai ta ɗauka kunyar ɗan fari ce, ni kuma na bar ta a kai.

Ta raka ni har bakin hanya. Na tambaye ta abin da take buƙata, ta ce ba ta son kome. Abu ɗaya ta roƙa: a kai ta Madawa ta ga ƙofar gidan da aka fito da ita a goye. Ta ce ko ba a ce ta shigo ba, ganin ya ishe ta.

Yanzu ki gaya wa Inna, a hankali, bayan ta ci abinci. Ranar farko ta hutu zan biya in ɗauko ta. Ba na so ta tsaya a waje, Munira. Ki share ɗakin Baba, ki sa tabarma. In kin fito tarbarta, ki ce mata Yaya.

Ki yi mini addu'a, ki gaida Inna.

Ɗan'uwanki,
Hafizu