Ƙyauren da ka bar wa gurbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ɗana Ashiru. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Masar, kai da malamanka. Mu nan unguwar Mansur lafiya, sai dai hankalina da ya ƙi kwanciya.

Saƙonka ya zo ta hannun wani alhaji. Na sa an karanta mini, na kuma sa an sake. Duk takardar labarin mutanen da suka mutu tuntuni ne. Wani Bayunane na Iskandariyya mai littafin layi da kusurwa. Wani na Bagadaza da ya rubuta lissafin aljabara, wai har rabon gado a ciki. To wannan na yarda da shi, ya yi abin kirki. Amma ban ji inda ka ce yaushe za ka dawo ba.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Bakatsinen nan. Ka ce namu ne, ya zo hajji kamar yadda muka zo, ya rubuta littafi kan jera lambobi a hatimi, ya wuce Masar, can ya rasu. Kai kana murna ka ga rubutunsa. Ni kuwa uwarsa nake tunani. Ko wa ya je ya gaya mata?

Ka tuna ƙyauren sandaƙarmu, 'yar bukkar katakon nan tamu? Kana yaro ka zane shi da gawayi, gurbi-gurbi, kowane da lambarsa. Ka riƙe yatsana kana bi da ni, wai in an haɗa lambobin, ko tsaye ko kwance ko a karkace, abu ɗaya zai fito. Ni waina ma tana ƙonewa a tanda, ka ƙi sakina. Zanen da ke ƙasa, babban, shi ne ba ka gama ba. Gurbi ɗaya ya rage ranar da motarku ta tashi.

Tun tafiyarka matan unguwa suke zuwa. Sun ɗauka hatimin asiri ne. Inna Kande maƙwabciyarmu ta zo da ƙwarya da tsumma, wai a wanke zanen a ba 'yarta ta sha don naƙuda. Na ce mata yadda kake cewa, "Ummi, lissafi ne kawai, ba ya maganin ko ciwon kai." Ta yi fushi, har yau gaisuwarmu sama-sama. Ban bari ko ruwa ya taɓa shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa zama. An zo an shafa jan fenti na alamar rusau a layinmu, titi zai bi ta nan bayan hajji. Wasu sun ce unguwar Kudai za su, wasu ba su sani ba. Ni ma ban sani ba. Ina zuba ƙullu ina tunani, in ka sauka Jidda ka zo nan ka tarar da fili, wa za ka tambaya? Mu da ba sunanmu a takardar kowa.

Na riga na sa kafinta ya cire ƙyauren, buhu na rataya a ƙofa. Duk inda muka koma, a waje zan jingina shi, zanen yana kallon hanya. Ka bi lungu-lungu kana dubawa, hannunka ne, za ka gane shi. Wani malamin makaranta ya ce zai cike mini gurbin nan take. Na ce a'a, yana da mai shi.

Ka yi karatunka, ya waladi, ɗana, ban hana ka ba. Allah ya buɗa maka, ya jiƙan Bakatsinen nan da uwarsa, ya sa kai ƙafarka ta juyo. Gawayi ma na ajiye maka.

Mahaifiyarka,
Habi mai waina