Sawun Arlene a Kan Hanyata

Litinin, 13 ga Disamba

Dusar ƙanƙara ta sauka har gwiwa. Da sassafe na shiga gandun jiha, na tayar da inji, na daddale hanyar sulu, wato wasan zamewa a kan dusa da dogayen katakai a ƙafa, daga bakin tafki har cikin kurmi. Layi biyu sumul, ɗaya don kowane katako, kamar an bi su da dutsen guga. Na daɗe ina wannan aikin kyauta, kuma babu mai yi kamar ni, Wendell mai kula da gandun ma ya sani. Na sha kofi a bukkar jin ɗumi, barewa na kallona ta taga. Rana mai daɗi.

Alhamis, 16 ga Disamba

Wani ɗan iska ya taka min hanya da ƙafa! Ga allo ƙato a bakin hanya, masu sulu kaɗai. Ba takawar ce ta fi ƙona min rai ba. Ƙafar hagu janta yake yi, ya share min layi ɗaya kaf. Zan kama shi.

Asabar, 18 ga Disamba

Na kama. Arlene Niskanen ce, wadda muka yi aji ɗaya da ita. Tun da ɓarin jikinta ya shanye bara ban ƙara ganinta ba. Ta rame, baki ya karkace, tana dogara sanda.

Na ce, ke Arlene, ciwon har da idanu ya taɓa? Ba ki ga allo ba?

Ta ce, "Na gani, Orrin. Titi santsi ne, hanyar masu ƙafa kuma nutsewa nake yi. Taka ce kaɗai ke ɗaukata."

Wai 'yarta Gretchen ta gindaya mata sharaɗi: in bazara ta zo, ƙanƙara ta narke, Arlene ba ta iya tafiya ita kaɗai ba, za a sayar da gidanta a kai ta gidan tsofaffi a birnin Duluth. Maƙwabciya ke sauke ta a ƙofar gandun kullum don ta motsa ƙafar. Ta faɗa tana murmushin nan nata na rabin baki, kamar ni na shanye mata jiki.

Na ce akwai babban kanti a gari, da ɗumi da komai, ta je can ta ja ƙafarta.

Laraba, 22 ga Disamba

Ta sake.

Lahadi, 26 ga Disamba

Na ɗauki hoton sawun na sa a shafin intanet na 'yan ƙungiyar sulu. Na rubuta: wa ya san wace dabba ce wannan, mai ƙafa uku da jela? Kai, an sha dariya. Wani ya ce dorina ce ta ɓato hanya. Ban ambaci suna ba, amma garin nan wa bai sani ba? Ni ma na yi dariya har da hawaye, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 5 ga Janairu

Wendell ya tare ni wajen inji, yana sosa ƙeya. "Baba Orrin, da za ka ɗan bi ta hanyar masu ƙafa da injin nan ka daddale mata, ai shi ke nan. Kafin kofinka ya huce ka gama."

Na ce yaro, ni hanyar sulu nake yi, ba asibiti na buɗe ba. Yau na yi wa gurguwa, gobe masu kare, jibi masu keken jarirai. Doka ce, kai aka ɗauka aiki ka tsare ta. In ba za ka gaya mata ba, zan kira na sama da kai.

Gaskiya ne, aikin ba wani abu ba ne. Amma me ya sa kullum ni ne zan lanƙwasa?

Juma'a, 7 ga Janairu

Wendell ya gaya mata. Ina leƙe daga bukka. Ba ta yi gardama ba, ta gyaɗa kai, ta juya. Juyawar kaɗai sai da na gaji da kallo.

Asabar, 15 ga Janairu

Sati guda babu sawun kowa. Sanyi mai yanka kunci, sama garau, tafki ya daskare fari fat. Na yi sulu har ƙafafuna suka yi rawa. Mutane daga birni suna ta yaba hanya, wata ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba. Na hango Arlene a titin shiga gandu, tana jan ƙafa a gefen motoci. Oho.

Talata, 18 ga Janairu

Ta faɗi a titin. Ƙugu ya karye. Wendell ya ce ta daɗe a kwance kafin wata mota ta zo, safar hannunta ta manne da ƙanƙara. Yana faɗa yana kallona. Na ce me kake kallona, ni na zuba santsin? Ba ta da hankali ne, mace a wannan hali ta fito cikin hunturu.

Na shiga na yi zagayena. Hanya ta yi kyau ƙwarai.

Laraba, 2 ga Fabrairu

An kafa allon sayarwa a ƙofar gidanta. Ba su ma jira bazarar ba.

Lahadi, 6 ga Fabrairu

Na je Duluth sayen man goge katakon sulu. Tunda na zo, na biya gidan tsofaffin. Warin miya da magani. Gretchen na bakin ƙofa, ta ce, "Baba Orrin, ka kyauta," ashe ba ta san komai ba. Uwar ba ta gaya mata ba. Wannan ya fi ba ni haushi.

Arlene na keken guragu, an juya ta wajen taga, tagar kuma wurin ajiye motoci take kallo. Na ajiye mata biskit. Na ce ya jiki.

Ta ce, "Ya hanyarka? Sumul?"

Na ce sumul.

"To madalla. Ka kwantar da hankalinka, likita ya ce na gama taka wa kowa komai."

Ban tuna man gogen ba sai da na dawo gida.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

Dusa ta sauka jiya, mai laushi, irin wadda nake jira duk shekara. Wendell ya kira, wai masu sulu sun cika bukka suna tambaya. Na ce masa inji ya lalace.

Babu abin da ya sami injin.