Fentin Motar Baba Ya Ƙi Zama

Kawu mai shawara, don Allah ka taimake ni, na gaji. Na san ba gareji gare ka ba, amma damuwata rabinta fenti ne, rabinta kuma ban san sunan da zan ba ta ba, shi ya sa na tattaro na kawo maka gaba ɗaya.

Ni ma'aikacin ɗakin ajiye takardu ne a wani ofis, shekarata hamsin da biyu, gwiwa ta fara ƙara. Mahaifina yana wurina tun rasuwar mahaifiyarmu. Direba ne, ya shekara talatin da wani abu yana tuƙa mutum ɗaya, kuma ranar da ya ajiye aiki maigidan nasa ya bar masa motar. Irin tsofaffin nan ce masu dogon hanci da bamba ta ƙarfe mai ƙyalli, ta kusa sa'ata a shekaru. Asalin launinta kore ne mai duhu, amma rana da tsatsa sun cinye shi.

Shekara biyu ke nan da mantuwa ta kama Baba. Yakan ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Wani lokaci da sunan ƙanensa da ya rasu yake kirana. Amma motar nan bai manta ta ba, har lambarta yakan karanto maka daga ka. Sai na ƙudura a raina zan mayar da ita yadda ya san ta, in ɗauke shi mu zaga gari tun yana iya gane ta. Ƙanwata ta ce in kai wa mai fenti in huta. Ita ba ta nan ranar da na kai motar wurin mai walda ta kwana biyu. Baba ya leƙa gareji bai gan ta ba, ya fita nema ko takalmi babu, sai bayan awa uku muka tsinto shi a bakin titi yana tambayar mutane. Tun daga ranar na ce komai za a yi wa motar nan, a gida za a yi shi.

Na aro injin iska wurin wani maƙwabci, na sayi bindigar feshi, na rataya tamfol a garejin bayan gida. Asabar da Lahadi kawai nake samu. Kawu, babu irin tsiyar da fentin nan bai nuna mini ba. Da farko ya riƙa zirara yana daskarewa a gefen ƙofa. Na ja da baya kaɗan, sai ya fito da gurje-gurje kamar ɓawon lemo. Wata Lahadi da aka yi ruwa na fesa, ya bushe dishi-dishi, ba ƙyalli ko kaɗan. A kan but ɗin baya kuwa sabon fentin ya tayar da tsohon, duk wurin ya yamutse. Waɗannan duk na yarda laifin hannuna ne, ɗan koyo ne ni, kuma a hankali na fara gane kansu.

Wanda ya hana ni sakat shi ne zanzana. Ina fesawa, minti biyu bai cika ba sai ƙananan ramuka su buɗe ko'ina, fentin yana gudu daga wurin da kansa. Sau huɗu na goge bonet ɗin nan da samfefa har yatsuna suka yi sulɓi, na'urar ofis ma ta daina gane zanen yatsana, sai mai gadi ya sa mini hannu. Na canza fenti, na canza tinar da ake tsinka shi da ita, na canza tiyo. Na zargi mai sayar da kayan, na zargi maƙwabcina da injinsa. Maiɗakina ta ce ni da motar ba a san wanda zai riga wani tsufa ba.

Ranar wata Talata na fita aiki, na kai bakin titi na tuna na bar makullin ofis a gareji, na dawo. Ina tura ƙofa sai ga Baba, ya sa rigarsa mai kyau, ya naɗe hannu, da tsohon tsummansa da gwangwanin man goge mota, yana bin bonet ɗin da na yi mako uku ina gyarawa, lungu-lungu, yana ɗan waƙe-waƙensa. Ashe kullum ina fita yake shiga. Abin da ya yi kowace safiya tsawon rayuwarsa ke nan kafin maigidansa ya fito. Maiɗakina kuwa tana ganinsa kullum, ita a zatonta taimakona yake yi, har shayi take kai masa can.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na daka masa tsawa. Na ce shi ne yake lalata mini aiki wata huɗu, na ce ya fita, kada ya sake taɓa motar. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tunda aka haife ni. Bai yi fushi ba, Kawu, da ma fushin ya yi. Ya ninke tsumman, ya ɗan rusuna, ya ce mini ranka ya daɗe, ya ce in yi haƙuri ba zai ƙara ba. Ashe ya ɗauka ni ne maigidansa. Amma duk da haka na sa kwaɗo a ƙofar na tafi aiki.

Yau kwana goma sha ɗaya. Na wanke ƙofar direba sosai na fesa, ta fito sumul, ko rami ɗaya babu. Na tsaya ina kallonta ban ji daɗin komai ba. Baba yana tashi da safe ya shirya, ya je ya taɓa kwaɗon, ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. Abincinsa rabi yake ci. In na shigo gaishe shi miƙewa yake yi tsaye. A yadda nake tafiya, sai na ƙara wata biyu kafin in gama. In na buɗe, aikin ya sake lalacewa, don ko na yi masa bayani gobe ya manta. In na bar kwaɗon, ban san abin da zai rage na Baba nan da wata biyu ba. Wallahi wani lokaci ji nake kamar in lulluɓe motar in manta da ita. Me zan yi?

Daga wanda ya gaji, mai garejin bayan gida.

*

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, sannu da ɗawainiya. Bari mu sallami fenti tukuna, don shi ne mai sauƙin. Na kai wasiƙarka wurin wani abokina da ya tsufa a feshin mota, ya yi dariya har da tari, ya ce duk mai fenti ya bi ta nan.

Zirara daga matsowa kusa ne da nauyin hannu. Ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga jikin motar, hannunka ya riƙa tafiya bai ɗaya, ka yi shafi mara kauri sau biyu ko uku, kana barin kowanne ya sha iska. Gurje-gurjen kuma nisa ne ya yi yawa, ko fentin bai tsinku ba, ko iskar injin ta yi rauni, don haka ka fara gwadawa a jikin kwali. Dishi-dishin danshi ne: ka zubar da ruwan da ke taruwa a tankin injin kowace rana, kuma kada ka fesa ranar ruwa. But ɗin da ya yamutse sai ka goge shi har ƙasa ka sake shafin farko.

Zanzanar kuwa ka riga ka gano mai ita, maiƙo ne. Amma akwai kuskuren da ka yi ta maimaitawa. Kana ganin ramuka sai ka ɗauki samfefa, alhali samfefa cusa man take yi cikin jiki. Wankewa ake fara yi, da ruwan cire maiƙo da masu fenti ke sayarwa, da ƙyalle biyu masu tsabta, ɗaya na shafawa, ɗaya na ɗaukewa tun bai bushe ba. Shafin farkon da ke kan bonet ya sha mai ya ƙoshi, cire shi za ka yi gaba ɗaya. Ka nemi takunkumin fenti na gaske, kuma kada dattijo ya shaƙi wannan warin.

Yanzu ga babbar maganar. Ba zan ce maka ba ka yi laifi ba, ka yi, kuma kai ma ka sani. Amma ban ga mugun ɗa a wasiƙar nan ba. Na ga mutumin da ke aiki kwana biyar, ya shiga gareji kwana biyu, yana kallon mahaifinsa yana kuɓuce masa kaɗan-kaɗan, har haƙurinsa ya ƙare. Ta ɓangaren Baba kuma, bai lalata komai ba a iya saninsa. Aikinsa ya fito yi, aikin da ya rage masa wanda yake yi ba tare da an tuna masa ba. Kai kana so ya ga motar ta yi kyau wata rana. Shi motar yake so a hannunsa kowace safiya. Ka yi mini uzuri, amma koren nan mai duhu kai ka fi shi bukatarsa.

Ba na ce ka bari ba. Wata biyun ne ban yarda da shi ba. Ka cire bamba, da murafun taya, da madubai, da ma dole a cire su kafin feshi. Ka jera masa su a kan tabarma a baranda, nesa da gareji, da tsummansa da mansa. Ba wayo za ka yi masa ba, aiki ne na gaske, kuma ya fi ka iya shi. Ka cire kwaɗon, ya shiga ya ga motarsa duk lokacin da ya so, da wani a tare da shi. In hannunsa ya kai jikinta, ya kai, ka wanke. Sannan ka nemi hutun kwana huɗu ko biyar a ofis ka yi aikin a jere: wanki, guga, feshi, ka rufe babin. A kwanakin nan ƙanwarka ta zo ta zauna da shi, tunda tana da bakin ba da shawara, tana da ƙafar zuwa. Bayan mako guda zai iya wanke motar da ruwa da ƙyalle mai laushi, man gogen kuma a ɓoye shi sai fentin ya yi wata ɗaya ko biyu. In ƙura ta faɗa wani wuri, ko wani gefe bai fito yadda kake so ba, ka ƙyale shi. Ba gasa za ka kai ta ba. Rage cin abincin nan kuma ka faɗa wa likitansa a makon nan.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka jira Asabar. Gobe da safe, kafin ya fito, ka shiga ɗakinsa ka zauna a ƙasa, yadda ba zai samu damar miƙe maka ba. Ka riƙe hannunsa ka ba shi haƙuri. Mai yiwuwa ya dube ka bai san laifin da kake magana a kai ba, don irin wannan ciwon yakan ɗauke maganar ya bar zafinta. Kada hakan ya sa ka fasa. Ka faɗa masa kai ɗansa ne, motar tasa ce, kuma kai ne ka yi kuskure. In jibi ya manta, ka sake faɗa. Shi ma ya maimaita maka abubuwa da yawa lokacin da ba ka iya riƙewa.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya ƙara maka haƙuri, ya sa ku yi zagayen nan tare yana gaban mota.

Kawunku.