Mama Za Ta Rufe Shago Ranar Asabar

Alhamis da dare, Samaru.

Yau Koci ya kira waɗanda za su fara wasan ƙwallon kwando na Asabar, babu sunana. Ladi ce a gurbina. Ladi fa! Yarinyar da bara ko riƙe ƙwallo da hagu ba ta iya ba. Ni na dinga jan ta fili a Sabon Gari duk hutun nan, ina ce mata, "Lanƙwasa gwiwa, daina kallon ƙasa." Yanzu duk abin da ta jefa sai ya faɗa kwando, ni kuwa hannuna ya mutu.

Bayan tirenin ta biyo ni. "Anti Rahila, bari in ce masa ba ni da lafiya." Na daka mata tsawa. Sadaka zan karɓa?

Sai ga kiran Mama ɗazu. Ba ta taɓa kallon wasana ba, amma ta gaya wa duk 'yan layinsu a kasuwa za ta rufe shago ranar Asabar ta zo kallona. Har sabon zani ta ɗinka.

Na ce, "To Mama, sai kin zo."

Ubangiji ka yafe mini. Ga lambar Ladi a buɗe a wayata, na kasa ajiyewa.